Na Yi Ritaya, Yanzu Babu Mai Nemana

Tambaya:

Assalamu alaikum Malama. Ni dattijo ne ɗan shekara 61. Shekara 35 na yi ina aikin akanta, har na kai shugaban sashe, da ma'aikata sama da ashirin a ƙarƙashina. Yau wata goma sha huɗu ke nan da na yi ritaya. Da fari na ji daɗi ƙwarai, na rama bashin barci, na ziyarci 'yan'uwan da na daɗe ban gani ba. Amma yanzu gari na wayewa ba ni da inda zan nufa. Wayata da a da ba ta minti goma ba ta yi ƙara ba, yanzu sai ta wuni shiru, har nakan ɗauka in duba ko ta mutu. Na zama mafaɗaci, uwargida ta ce na mayar mata da gida ofis. 'Yata ce ta ce in gwada aikin sa kai. Na je wata ƙungiya mai kula da marayu, sai wani yaro da bai kai ɗana na biyu ba ya ce in taya su jera kujeru. Na jera, na koma gida, ban sake leƙawa ba, kuma abin ya tsaya mini a rai. Shin aikin sa kai zai magance abin da nake ji? Idan kuma na je don in samar wa kaina sauƙi, ba don marayun ba, wannan ba yaudara ba ce? Fanshona ma da ƙyar yake kai mu ƙarshen wata. Ki ba ni shawara.

Amsa:

Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a shekarun da ka ba wa aiki.

Sau uku na karanta wasiƙarka, kuma kowane karo wuri ɗaya nake tsayawa, inda kake ɗaukar waya ka duba ko ta mutu. Sa'o'inka da yawa suna yin haka, sai dai ba sa faɗa, in an tambaye su su ce hutu ya yi daɗi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi kusan shekara bayan ritayarsa yana wanka da sassafe, ya sa kaya masu kyau, ya ɗaura agogo, sannan ya zauna a falo ba inda za shi. A lokacin ƙuruciya ba ta bar ni na gane abin da nake gani ba. Sai daga baya na fahimci rashi ya yi, irin rashin da ba wanda ke zuwa yi maka ta'aziyyarsa, sai ma barka da ake ta yi maka. Saboda haka kada ka ɗauki abin da kake ji a matsayin butulci ga ni'imar gama aiki lafiya. Kada kuma ka kira shi lalaci.

Bari in ba ka labarin wani ƙauye, domin zai taimaka mana mu gane mene ne ainihin abin da ya ɓace maka. Sunansa Marienthal, yana kusa da birnin Biyana a ƙasar Ostiriya. Masaƙa guda ɗaya ce ta riƙe ƙauyen, sai aka rufe ta a 1930, kusan kashi uku cikin huɗu na gidajen garin suka wayi gari ba mai aiki a cikinsu. Wasu matasan masana, cikinsu har da wata mata mai suna Marie Jahoda, suka je suka zauna da mutanen na tsawon watanni, suka fitar da sakamakon bincikensu a 1933. Kowa zai zaci mutumin da ya samu lokaci mai yawa haka zai ƙara karatu, ya ƙara shiga harkokin jama'a. Akasin haka aka gani. Aron littattafai a laburaren garin ya ragu da kusan rabi, alhali an daina karɓar kuɗin aro. Ƙungiyoyi suka yi sanyi, lambun shaƙatawar garin ya zama ciyawa. Masu binciken har sun riƙa auna saurin tafiyar mutane a kan titi, suka ga maza suna jan ƙafa, su yi 'yar tafiya su tsaya, su sake yin gaba su tsaya, don ba wanda ke jiransu a inda za su. Matan garin kuwa ba su lalace haka ba, saboda hidimar gida da ta yara ta ci gaba da raba musu yini kashi-kashi. Ka riƙe wannan magana ta mata, za mu dawo kanta.

Daga baya Jahoda ta yi bayanin cewa aiki yana ba mutum wasu abubuwa ban da albashi, waɗanda ba a rubuta su a takardar ɗaukar aiki. Yana tsara maka lokaci, ka san bambancin Litinin da Asabar. Yana haɗa ka da mutanen da ba 'yan gidanku ba. Yana sa ka cikin wata hidima da ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Yana ba ka suna da matsayi, in an ce wane ne wannan a ce akanta ne. Yana kuma tilasta maka motsi ko ba ka so. Fansho, ko da ya wadata, albashi kaɗai yake maye wa gurbi. Sauran biyar ɗin ranar da aka yi maka walimar bankwana aka karɓe su gaba ɗaya, ba tare da kowa ya gaya maka ba.

Jin daɗin da ka yi a watannin farko da ƙuncin da ya biyo baya ma sanannen abu ne. Wani masanin harkokin tsufa a Amurka, Robert Atchley, ya bayyana shi tun cikin shekarun 1970: ɗoki da farko, sai gundura da sanyin jiki, sannan mutum ya sake daidaita rayuwarsa. Kana mataki na biyu ne, kuma na ukun ba ya zuwa da kansa. Ritaya kanta ba tsohuwar aba ba ce a duniya. Lokacin da Jamus ta kafa tsarin fanshon tsufa a 1889, sai mutum ya kai shekara 70 ake fara ba shi, shekarun da ma'aikata da yawa ba sa kaiwa. Yau mai 61 da lafiyarsa yana iya samun wasu shekaru ashirin ko fiye a gaba, in Allah ya yi masa tsawon rai. Wannan ya wuce hutu, babban kaso ne na rayuwa, kuma zama kawai ba zai cika shi ba.

To, aikin sa kai zai magance? Amsata ita ce e, amma ba kowane iri ba.

Akwai hujja a kan amfaninsa. Wani bincike da aka wallafa a 2020, wanda Eric Kim da abokan aikinsa na jami'ar Harvard suka yi, ya bibiyi kusan mutum 13,000 'yan sama da shekara 50 a Amurka na tsawon shekara huɗu. Waɗanda ke aikin sa kai na aƙalla sa'o'i 100 a shekara, wato kamar awa biyu a mako, an samu ƙarancin mutuwa a cikinsu, sun fi motsa jiki, sun fi jin rayuwarsu na da ma'ana, kaɗaici da alamun damuwa sun yi musu sauƙi. Binciken bai nuna yana hana cututtuka irin su ciwon suga ko hawan jini ba, don haka kada wani ya ce maka magani ne da zai sa ka bar na likita. Kai da ka saba da lissafi za ka iya cewa, ai dama mai lafiya ne ke iya fita taimako, ta yaya za a san wanne ya jawo wanne? Tambaya ce mai kyau, shi ya sa wani gwaji da aka yi a birnin Baltimore ya fi gamsar da ni. Akwai shiri a Amurka mai suna Experience Corps da aka fara a tsakiyar shekarun 1990, inda ake tura dattawa makarantun firamare su taya ƙananan yara koyon karatu. Masana daga jami'ar Johns Hopkins suka raba dattawa 'yan 60 zuwa sama gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu suka shiga makarantun na sa'o'i 15 a mako, wasu ba su shiga ba. A wani ƙaramin rukuni da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, an ga ɓangaren da ke riƙe tunawa bai yi raguwar da tsufa ke kawowa ba a waɗanda suka shiga, musamman maza. Yaran ma an ga karatunsu ya ƙaru a binciken da aka yi wa shirin a wasu birane.

Abin da nake so ka lura da shi a wannan shiri shi ne yadda aka gina shi. Ba taron shekara-shekara ba ne da za a kira ka ka zauna a gaba a ɗauki hoto. Akwai aji, akwai rana, akwai lokaci, akwai kuma wani yaro takamaimai da zai leƙa ƙofa ya ce yau ina Baba bai zo ba? A ganina nan ne maganin yake. Ciwonka shi ne babu inda ake jiranka, babu wani aiki da zai tsaya in ba ka zo ba. Duk aikin sa kai da bai dawo maka da wannan ba, ko an ba ka muƙamin uban ƙungiya an buga sunanka a kan takarda, za ka dawo gida ka ci gaba da duba waya.

Yanzu mu zo kan kujeru. Ka yi mini afuwa Baba, 'yarka ce ke magana, kuma da na ɓoye maka gara in faɗa.

Na san abin da ya yi maka zafi. Shekara da shekaru kai ake jera wa kujera, ka shigo a miƙe, ka yi magana a rubuta. Rana ɗaya sai ga ka da kujera a hannu, wanda ya ba ka umarnin kuma sa'an ɗanka. Ba na raina wannan. Amma ka ɗan tsaya a inda yaron nan ya tsaya. Bai san ka ba. Bai ga takardunka ba, bai san mutum nawa ka shugabanta ba. Dattijo ya gani ya shigo ya ce ya zo taimako, ga taro na shirin farawa, ga hannu ya yi kaɗan. Wataƙila ma cikin ayyukan da ke gabansa mafi sauƙi ya zaɓa maka don ganin girmanka. Ban da haka, masu irin waɗannan ƙungiyoyi sun sha ganin mutanen da ke zuwa da zumuɗi rana ɗaya, su yi alkawura, daga nan ko ƙeyarsu ba a sake gani. Don haka sukan fara ba baƙo ƙaramin aiki su ga ko zai dawo. Ka tambayi kanka a matsayinka na akanta: wanda ya shigo ofishinka yau, ba ka taɓa ganinsa ba, za ka miƙa masa littafin kuɗi? Ba za ka yi ba, kuma da wani a ƙarƙashinka ya yi da ka hukunta shi. Yaron bai wulaƙanta ka ba. Abin da ka ji a ranar kewar tsohuwar kujerarka ce ta motsa, kuma da ba a wurin ta motsa ba da ta motsa a wani wurin.

Nakan tuna Jimmy Carter idan ana irin wannan zance. Ya sha kaye a zaɓen 1980, ya bar fadar shugaban Amurka a watan Janairun 1981 yana ɗan shekara 56, ya koma ƙaramin garinsu ya tarar bashi ya yi wa kasuwancinsa katutu. Ritaya ce da bai zaɓa ba, kuma ta yi masa ciwo. A 1982 shi da matarsa Rosalynn suka kafa cibiyarsu, wadda ta sa ciwon kurkunu a gaba. Lokacin da suka fara wannan yaƙi a 1986 ana ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara, zuwa 2023 waɗanda aka samu a duniya duka ba su kai 20 ba. Wannan aikin manya ne, ba kowa ke da irin ƙofofin da suka buɗe masa ba. Abin da ya shafe ka shi ne ɗayan. Tun daga 1984 ya riƙa zuwa aikin gina wa marasa galihu gidaje da ƙungiyar Habitat for Humanity, da guduma a hannunsa, yana aiki kafaɗa da kafaɗa da sauran masu sa kai. A 2019, yana da shekara 95, ya faɗi a gida aka yi masa ɗinki a goshi, amma sai ga shi a wurin gini a birnin Nashville da ido a kumbure. Ya rasu a ƙarshen 2024 yana da shekara 100. Ban taɓa jin wanda ya ce girmansa ya zube don ya buga ƙusa ba.

Ban ce ka ƙare rayuwarka a jera kujeru ba. In ƙungiya ta samu mutum mai shekara 35 a lissafin kuɗi ta bar shi a kan kujeru har abada, ta yi asara, marayun ma sun yi. Ƙananan ƙungiyoyin agaji da yawa a nan suke da rauni: zuciya mai kyau, rasitai a warwatse, ba wanda ya iya haɗa rahoton da mai ba da tallafi zai yarda da shi. Wasu tallafin kan wuce su don wannan kaɗai. Abin da kai za ka yi cikin awa uku yana iya zama abin da ya hana su barci wata guda. Sai dai sai ka buɗe baki ka faɗi abin da ka iya, a lokacin da ya dace, bayan sun saba da fuskarka. Idan kuma aka ba ka littafin, ka tuna taimako ka zo yi, ba binciken kuɗi aka turo ka ba. Za ka ga kurakuran da za su ɗaga maka hankali. Ka zauna da mai riƙe littafin ka koya masa a hankali, ba a gaban jama'a ba, har ya iya yi ko ba ka nan. In ka shiga da muryar shugaban sashe, za su yi maka biyayya ta ganin ido na 'yan makonni, sannan su fara ɓoye maka abubuwa. In ka ga alamar cin amana ta gaskiya, ba kuskure ba, wannan daban ne: ka sanar da shugabannin wurin, in ba a gyara ba ka janye sunanka.

Wataƙila kuma ka gaji da lambobi, ranka wani abu daban yake so. Wannan ma daidai ne. Akwai koya wa yara lissafi, akwai zama da marasa lafiya da ba su da mai ziyara, akwai nuna wa matasa masu ƙananan sana'o'i yadda za su raba uwar kuɗi da riba. A Amurka akwai ƙungiya mai suna SCORE da aka kafa tun 1964 don wannan na ƙarshen, tsofaffin ma'aikata da 'yan kasuwa suna ba masu tasowa shawara kyauta. Ba sai da ƙungiya mai rajista ba ma. Yaran maƙwabta uku da allo ɗaya, a rana tsayayya, aiki ne.

Tambayarka ta biyu ta fi taɓa ni, domin mayaudari ba ya tsayawa ya tambayi kansa ko yaudara yake yi. Gaskiya ne niyya tana da tasiri, har masu bincike sun ga alamar haka. Sara Konrath da abokan aikinta sun duba bayanan wasu dattawa a jihar Wisconsin, suka ga waɗanda suka ce suna sa kai ne don damuwa da wasu sun fi samun amfanin tsawon rai, waɗanda kuma suka ce don amfanin kansu kawai suke yi ba su bambanta sosai da marasa yi ba. Amma ban fahimci wannan a matsayin umarnin ka zauna a gida sai zuciyarka ta yi fes ba. Mutane ƙalilan ne ke shiga aikin alheri da niyya guda ɗaya tak. Wani kaɗaici ne ya koro shi, wani rashin ɗa, wani neman lada, wani an gayyace shi ya ji kunyar ƙi. A cikin aikin niyya ke gyaruwa. Yau ka je don gida ya ishe ka. Bayan wata biyu ka san sunan yaron da ba ya iya rubuta bakwai sai a juye, ka kwana kana tunanin dabarar da za ka yi masa, ka manta ma da abin da ya fito da kai. In kuwa ka zauna don tsoron kada niyyarka ta gurɓata, marayan bai ƙaru da komai ba, kai ma haka. Son samun sauƙin zuciya ta hanyar amfanar wani ba abin kunya ba ne. Abin da za ka sa wa ido shi ne son a gani da son a yaba. Alamarsa mai sauƙi ce: ranar da aka manta ba a gode maka ba, ko aka yaba wa wani a kan aikin da kai ka yi, ka duba ko ƙafarka za ta kai ka wurin mako mai zuwa.

Ka fara da kaɗan. Rana ɗaya a mako, awa biyu ko uku, ka gaya musu za ka gwada na wata uku sannan ku sake zama. Hadisin da Nana A'isha ta ruwaito, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, ya fi dacewa da wurin marayu fiye da ko'ina. Yaran nan sun riga sun ɗanɗani tafiyar wanda suka dogara da shi. In ka shiga rayuwarsu kullum na wata guda, suka saba, suka fara kiranka Baba, sannan ka gaji ka ɓace, ka fama musu tsohon miki. Gara su san ranar Talata kaɗai kake zuwa, amma ba ka taɓa saɓawa. In wurin ya nemi sanin tarihinka, ko ya ce ba a keɓewa da yaro, kada ka ji haushi. Alama ce ta wurin da ya san abin da yake yi, ni da za a ce ba sa tambayar komai da na fi jin tsoro.

Magabata sun ce sa kai ya fi bauta ciwo, kuma za ka ga gaskiyarsu. Da zarar an gane kana da lokaci kuma ba ka ƙi, kaya za su yi ta hawa kanka, wannan kwamiti, wancan taro, har ka wayi gari ka fi lokacin da kake aikin albashi gajiya. Ka koyi cewa wannan ba zan iya ba tun da wuri, da fara'a.

Batun kuɗi kuma ina so ka ji ni da kyau. Lokacinka da iliminka ka je bayarwa, ba fanshonka ba. Za ka ga buƙatun da za su karya maka zuciya, hannunka zai riƙa kaiwa aljihu. Ka yanke abin da za ka iya bayarwa a wata, ku yi shawara da uwargida, ka tsaya a kansa, domin iyalinka ma haƙƙi ne a wuyanka. Kada ka ɗebi garatuti ka ce za ka kafa gidauniyarka, aƙalla ba yanzu ba. Da yawa masu yin haka ofishin da suka rasa suke sake ginawa da kuɗin tsufansu. In zirga-zirga za ta ci maka kuɗi, ka zaɓi wuri kusa, ko ka tambaya ko suna mayar da kuɗin mota, ba abin kunya ba ne. Idan kuma fanshon da gaske ba ya isa, ka nemi ɗan aikin lissafi na kwana biyu a mako da za a biya ka, ka bar rana guda don Allah. Ɗayan ba ya hana ɗayan.

Na ce za mu dawo kan matan Marienthal. Uwargida ba ta yi ritaya ba, Baba. Shekara 35 tana tafiyar da gidan nan da tsarinta tun daga fitarka har dawowarka, kuma gidan bai rushe ba. Yanzu ga shugaban sashe ya dawo ba shi da sashe, sai nata. Faɗan da kake yi ba don ta canza ba ne, ƙwarewarka ce ta rasa wurin zuwa. Ina roƙonka ka gaya mata abin da ka gaya mini, har da zancen wayar. Wataƙila a tunaninta laifinta kake gani, alhali kewa ce ke cinka. Binciken jami'ar Harvard da aka fara tun 1938, wanda ya bibiyi rayuwar mutane tun suna samari har tsufansu, ya nuna kyawun dangantaka da na kusa yana cikin manyan abubuwan da ke tafiya da lafiya da kwanciyar hankali a tsufa, kuma waɗanda suka fi jin daɗin ritaya su ne suka nemi sababbin abokai a madadin abokan ofis. Kada ka kai wa marayu fara'arka ka dawo wa gida da ragowar. Ka kuma kira 'yarka ka gode mata, ta lura da kai tun kafin ka yi magana. Cikin tsofaffin abokan aikinka ma akwai wanda ke zaune yana duba tasa wayar, kai ka fara kira.

Abu ɗaya ne zai sa in ce ka fara ganin likita kafin komai. Idan barci ya ƙaurace maka ko ya yi yawa, cin abinci ya ragu, abubuwan da kake so a da sun daina yi maka daɗi, hakan ya ɗauki mako biyu ko fiye kusan kullum, ko kuma tunanin cewa gara ba ka raye ya fara zuwa maka, to wannan ya wuce kewar aiki. Ciwon damuwa ne mai yiwuwa, yana kama dattawa, a maza kuma sau da yawa da faɗa da saurin fushi yake fitowa. Ana maganinsa, kuma aikin sa kai ba zai maye gurbin maganin ba.

In babu waɗannan, to ga abin da nake so ka yi cikin makon nan. Ka koma wannan ƙungiyar dai, ba wata ba, tunda a can abin ya tsaya maka. Ka nemi yaron nan, ka tambayi sunansa, ka gaya masa naka ba tare da muƙami ba. Ka ce masa kana da safiyar rana kaza duk mako har wata uku, kuma duk aikin da ke akwai za ka yi. In hira ta yi hira, ka ambata cewa ka taɓa aikin lissafin kuɗi, ko za su buƙata wata rana. Kafin ka fito ka karɓi lambarsa, ka ba shi taka. Bayan wata ukun ka sake rubuto mini, ina so in ji yadda kuka ƙare da shi da kuma yaran.

Allah ya sa albarka, ya ba ka lafiyar yi. A gaida uwargida.